Da Wane Mudu Ake Auna Ɗaliban Ajin Yamma?

'Yan uwa malamai, akwai ɗaliban da ba kasafai suke shiga lissafinmu ba idan ana zancen jarrabawa. Su ne waɗanda karatu ya yanke musu bayan firamare, daga baya suka dawo neman na sakandare a azuzuwan yamma: samarin tungayen masunta na wajen Warra da gungunan Yauri, da matan da aure ya ɗauke daga aji, da manoman rani na Shanga. Akasarinsu mu muka koya musu baƙi da wasali, don haka maganarsu tamu ce.

A yau da mudun ɗalibin safe ake auna su: zango uku, gwajin C.A. a ranakun da aka tsayar, jarrabawar ƙarshen zango, sannan a jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Alhali tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, hawa da saukar tafki ke tsara rayuwar mutanen gaɓa. Farin ruwa ya zo a ƙarshen damina, baƙin ruwa ya biyo baya cikin hunturu, kifi ya sauya wuri, masunci ya bi shi.

Mun ga wani saurayi da ya yi mako biyar a tunga, ya dawo ya tarar gwaji ya wuce, aka rubuta masa sifili. Yaron nan da ka yake lissafa kuɗin kwandunan bandar kifi, ya cire na man jirgi da la'adar dillali, bai kuskure ko naira ɗaya ba. Sifilin nan rashin zuwansa ya auna, amma a takarda sai ya zama shaidar rashin sani. Daga ranar bai sake zuwa ba.

Abin takaici, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo gwaji a kai a kai ne don kada rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Mu ne muka mayar da shi ƙananan jarrabawoyi. Haka kuma hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta, ta ginu kan cewa makaranta ke bin ɗalibi inda sana'a ta kai shi. To, me zai hana awo ma ya bi shi?

Shawararmu ita ce, ranar da ɗalibi ya yi rajista a gwada shi, a san inda ya tsaya. A ba shi kati mai jerin abubuwan da ake so ya iya, kamar karanta wasiƙa ya bayyana ma'anarta, ko rubuta sakin layi da Turanci. Duk wanda ya nuna ya iya, malami ya sa hannu da kwanan wata. Katin ya zauna a hannunsa, ko ya tashi daga Ngaski ya koma Yelwa. Gwajin da ya wuce shi ya yi in ya dawo, a kuma daina jera su.

Wasu za su ce sassauci ne, tunda NECO da WAEC ba ruwansu da lokacin su. Gaskiya ne, shi ya sa dole a ciro abin da ke katin daga manhaja, kuma kada malami ya sa hannu don tausayi. Aikin zai ƙaru a kanmu, ba ma musu. Muna roƙon shugabannin reshe su sa batun buga katin da alawus ɗin malaman yamma cikin ajandar taro mai zuwa.