Kafin Ka Kashe Kuɗi a Kan Amfilifayar Hedifon, Rufe Ido Ka Gwada

Tun da kamfanin Apple ya cire kafar hedifon daga iPhone 7 a shekarar 2016, sauran kamfanonin waya suka bi sahu, kasuwar na'urorin ƙara ƙarfin sauti ta buɗe sosai. Yau za ka samu amfilifayar hedifon ta dala 100 da ta dala 2,000, har da Sennheiser HE-1 da aka yi wa gida da marmara, wadda kuɗinta ya haura dala 50,000. Ra'ayina a nan shi ne, yawancin bambancin da mutane ke rantsuwa sun ji tsakanin waɗannan na'urori, ido da aljihu ne suka ji shi. Bambanci na gaskiya yana nan, amma ana iya auna shi, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Aikin amfilifaya ɗaya ne: ta ba hedifon isasshen ƙarfin lantarki ba tare da ta ƙara ƙara ko ta gurɓata sautin ba. Ƙananan iyafis masu turjiyar ohm 16 zuwa 32 ba sa neman ƙarfi da yawa, shi ya sa 'yar igiyar USB-C ta Apple da ake sayarwa dala 9 take ɗaukarsu lafiya lau. Amma Sennheiser HD 600 mai ohm 300, ko Beyerdynamic DT 770 samfurin ohm 250, suna son ƙarfin da waya kan gaza bayarwa. Idan irin waɗannan kake da su, sayen amfilifaya yana da ma'ana.

Abu na biyu da ya kamata ka duba a takardar bayanin na'ura shi ne turjiyar kafar da sauti ke fita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya bisa takwas na turjiyar hedifon. Wato hedifon mai ohm 32 yana son amfilifaya mai ohm 4 ko ƙasa da haka. Ɗauki Bottlehead Crack, amfilifaya mai kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo, wadda ake sayarwa a wargaje mutum ya haɗa da kansa. Turjiyarta ta kai kimanin ohm 120. Ita kuwa HD 600, turjiyarta kan haura ohm 500 a wajen sautin ganga mai kauri. Idan aka haɗa su, wannan ɓangaren sautin zai ɗaga da kimanin desibel 1. Wannan yana cikin abin da masu ita ke kira ɗumin sauti. Yana da daɗi, ban musa ba, amma manhajar daidaita sauti da ke wayarka za ta ɗaga maka wannan ɓangaren kyauta.

Sai maganar sauye-sauye. Masu sha'awar harkar kan buɗe amfilifaya su cire ayisin da ke ƙara sauti, 'yar ƙwayar nan mai ƙafa takwas, su sa wata mai tsada. Ana cire NE5532 a sa OPA2134 ko LM4562, wasu ma su sayi na kamfanin Burson da ya ninka su kuɗi sau da yawa. A shekarar 2011 wani injiniya mai laƙabin NwAvGuy ya fitar da tsarin amfilifayar Objective2 kyauta ga kowa. Ayisi masu arha ya yi amfani da su, NJM2068 da NJM4556, kuma na'urar ta auna da kyau har ta ba masu tsada kunya. Abin da ya nuna shi ne, tsarin da'irar gaba ɗaya ya fi sunan ƙwaya ɗaya muhimmanci. Ayisi mai gudu sosai, idan aka dasa ta a da'irar da ba a tsara dominta ba, tana iya shiga kaɗawa a mitar da kunne ba ya ji, ta yi zafi, ta ɓata sautin. Ga kuma jabu da suka yi yawa a kasuwa, inda ake goge lambar ƙwaya mai arha a buga ta mai tsada.

Wani zai ce ai kunnensa ya ji bambanci. Ba na cewa ƙarya yake yi. Matsalar ita ce, ɗan Adam yakan ɗauki sautin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau, ko da tazarar ba ta kai desibel 1 ba. Mu masu rubuta manhaja ba ma yarda cewa gyara ya sa shiri ya ƙara gudu sai mun auna kafin da bayan. Haka ya kamata a yi wa sauti. Kunna sautin gwaji na 1 kHz, sa mita ka daidaita ƙarfin fitar na'urorin biyu ya zama ɗaya, sannan ka juya baya abokinka ya riƙa sauya igiya ba tare da ya gaya maka ba. Ku yi sau 10. Idan ka gane daidai sau 9, bambancin na gaske ne, ka biya kuɗinka da zuciya ɗaya. Idan sau 5 ko 6 ne, canki-canka ka yi.

Ba ina hana kowa riƙe ƙarfen dalma ba ne. Haɗa CMoy, 'yar amfilifayar da Chu Moy ya tsara wadda ake sakawa a gwangwanin alawa, makaranta ce mai kyau kuma da batirin bolt 9 take aiki. Masu kwalabe kuwa suna ɗauke da lantarki sama da bolt 100, kuma kafasitocinsu kan riƙe wuta bayan an zare filogi, don haka ba wurin koyo ba ne.

Idan kuɗinka ƙididdigagge ne, zuba mafi yawansa a hedifon ɗin kansa, domin nan ne sauti ya fi bambanta. Amfilifaya irin JDS Labs Atom ko Schiit Magni, da suka fito a kan dala 99, sun ishi kusan kowane hedifon. Ka kuma tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar sauraro lafiya ga babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Amfilifaya mai ƙarfi tana wuce wannan cikin sauƙi, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa.