Baƙar Magana a Ɗakin Jinya: Ina Amfanin Kimiyyar Ƙwaƙwalwa Ya Tsaya?

A shekarar 2015 mujallar Pediatrics ta buga sakamakon wani gwaji da Arieh Riskin da abokan aikinsa suka gudanar a Isra'ila. Sun tara rukuni 24 na ma'aikatan sashen kula da jarirai, kowane rukuni likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu, suka ajiye musu mutum-mutumin jariri bakwaini mai nuna alamun wata muguwar cutar hanji. Aka shaida musu cewa wani ƙwararre daga Amurka yana kallon aikinsu. Ga wasu rukunonin, ƙwararren ya yi maganar da ba yabo ba fallasa. Sauran kuwa sai ya yar musu da magana, ya nuna cewa likitancin ƙasarsu bai burge shi ba, kuma irinsu ba za su yi mako guda a sashensa ba. Da alƙalan da ba su san wanda aka ci wa fuska ba suka auna aikin, sai aka tarar rukunonin da aka muzanta sun fi tafka kuskure wajen gano cutar da wajen yin magani. Hasali ma, sun rage gaya wa juna abin da suka lura da shi, sun kuma rage neman taimakon juna.

Wannan gwaji ya nuna cewa saɓanin ma'aikatan asibiti ba ya tsayawa a kansu, mara lafiya ne yake kwana a ciki. Shi ya sa ake ta sha'awar amfani da kimiyyar ƙwaƙwalwa wajen sasanta irin wannan saɓani. Ra'ayina shi ne, wannan ilimi yana da amfani matuƙar an karkata shi wajen gyara tsarin aiki da halayen na sama. In kuwa aka mayar da shi darasin haƙuri ga na ƙasa kaɗai, to an ɗora kaya a kan wanda ba shi ya ɗaure su ba.

Bari mu fara da abin da masana suka gano. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, mai saurin lura da barazana. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke riƙe bayanai na ɗan lokaci, yana auna zaɓi, yana kuma danne gaggawa. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta bayyana a shekarar 2009 yadda sinadaran da jiki ke saki a lokacin tashin hankali suke raunana aikin wannan sashe na goshi. Ke nan ma'aikaciyar jinyar da aka daka wa tsawa a gaban jama'a, sannan aka umarce ta da lissafin adadin maganin jariri, an rage mata ƙarfin abin da za ta yi lissafin da shi.

Rashin barci ma yana da nasa kason. A shekarar 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana wasu mutane barci na kimanin sa'o'i 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Amigidalarsu ta motsa fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari, alaƙarta da sashen goshi kuma ta yi rauni. Likitan da ya kwana a tsaye ya wayi gari yana faɗa da kowa, kafin a ce halinsa ne, ya kamata a duba jadawalin da ya hana shi rintsawa.

Sai dai akwai buƙatar taka-tsantsan. Masu shirya taron horaswa sukan ɗauki sakamako ɗaya su gina masa gida. Misali, binciken Naomi Eisenberger na shekarar 2003, wanda ya nuna cewa wariya tana motsa wani sashen ƙwaƙwalwa da ciwon jiki ma yake motsawa, an yi shi ne a kan mutum 13, kuma wani bincike na shekarar 2014 ya nuna cewa salon motsin ƙwaƙwalwa a waɗannan yanayi biyu ya bambanta. Joseph LeDoux, wanda ya shafe shekaru yana nazarin amigidala, shi da kansa ya yi gargaɗi game da kiran ta cibiyar tsoro. Bugu da ƙari, Deena Weisberg da abokan aikinta sun nuna a shekarar 2008 cewa mutanen da ba masana ba sukan fi gamsuwa da gurgun bayani in an yayyafa masa kalmomin ƙwaƙwalwa. Wato sunan ƙwaƙwalwa kan iya zama ado ga maganar da ba ta da tushe.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na karkatar da laifi. Abu ne mai sauƙi hukumar asibiti ta tara ƙananan ma'aikata ta koya musu jan numfashi da ambata sunan abin da suke ji a rai, dabarar da binciken Matthew Lieberman na shekarar 2007 ya nuna tana rage motsin amigidala. Dabarar ba ta da aibu. Amma in mai tsawar yana nan da tsawarsa, jadawalin kuma bai sauya ba, to an koya wa wanda ake duka yadda zai daure ne, an bar mai dukan da sandarsa.

Gyaran da ya dace da abin da aka gano yana cikin tsari. Tun shekarar 2003 Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa sa'o'i 80 a mako. Takardar duba matakan tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2008 ta tanadi cewa kowa a ɗakin tiyata ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Ba faɗin suna kaɗai ya kawo wannan ragi ba, amma hikimarsa a fili take: wanda aka ba shi damar buɗe baki tun farko, zai fi iya cewa a dakata in ya ga kuskure. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta nuna a shekarar 1999 cewa rukunin da mutum ke iya magana ba tare da tsoron wulaƙanci ba ya fi koyo daga kurakuransa.

Akwai kuma rikicin da kimiyyar ƙwaƙwalwa ba ta da ta cewa a cikinsa. Yajin aikin da gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta yi a Nijeriya a shekarar 2018, na kimanin makonni shida, ya taso ne daga batun tsarin albashi, inda ƙungiyar likitoci ta NMA ta ƙalubalanci wasu buƙatunta. Wannan rikici ne na kuɗi da matsayi da shugabanci, teburin sulhu ne maganinsa. Wanda ya kawo hoton ƙwaƙwalwa wurin, ya kawo maganin ciwon kai ga mai karaya.

A nan manazarta Hausa suna da aikin yi. Gwajin Riskin a kan magana aka yi shi, kuma a asibitocin Kano da Sakkwato da Damagaram, cin fuska yakan zo ta hanyar gatse da habaici da shiru. Kunya da girmama na gaba kyawawan ɗabi'u ne, amma sukan iya ɗaure harshen ƙaramar ma'aikaciya a lokacin da ta ga babban likita zai yi kuskure. Da waɗanne kalmomi za ta dakatar da shi cikin ladabi, ya kuma ji? Wannan tambaya ce ta nazarin harshe, kuma ran mara lafiya yana iya rataya a kan amsarta. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya rage shi ne a tsara asibiti yadda na ƙasa zai iya faɗin hakan, na sama kuma ya saurara.