Mu San Halittu: Ɗan Kaguwa Bai Kama da Uwarsa Ba



Ƴan'uwanmu masu zuwa bida Ikko da Kwatano sun ga kaguwar teku a kasuwa. Yau ita za mu karanta.

Kaguwar nan ƙafa 10 gare ta. Biyu na gaba kamar awartaki suke, da su take kama abinci. Biyu na baya faɗi gare su kamar filafilin jirgin ruwa, da su take iyo. Ba ta da ƙashi a ciki. Ɓawonta na waje shi ne ƙashinta. Ɓawon ba ya girma, don haka sai ta yi saɓa kamar maciji kafin ta ƙara jiki.

Macen tana ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta. Wani iri yakan kai ƙwai miliyan 2. Bayan kamar mako 2 sai su ƙyanƙyashe.

To, ga abin mamaki. Abin da ya fito bai kai ƙwayar hatsi ba. Yana da manyan idanu, da doguwar wutsiya, da ƙaya a baya. Ba shi da awartaki. Ruwa ke yawo da shi, kifi na cin mafi yawansu. Wanda ya tsira ya yi ta saɓa, sau 4 zuwa 8, gwargwadon iri. Sannan awartaki su fito. A ƙarshe wutsiya ta naɗe ƙarƙashin ciki. Sai yanzu ya zama kaguwa.

Ina ruwanmu da wannan, mu da ke nesa da teku?

Sauro ma haka yake. Ƴan tsutsotsin da ke motsi cikin ruwan ramin tubali da sawun shanu, ɗiyan sauro ne. Lokacin zafi, kwana 10 sun isa su yi fiffike, su kawo wa yara masassara. Murzuna da ke ɓata zangarniyar hatsi ita ma ɗiyar wani ƙwaro mai fiffike ce da ke tashi da dare.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da damina mu cike ramukan da ke kusa da gida. Mu zubar da ruwan tsofaffin tukwane. Mu rufe randa. Yara su kwana cikin gidan sauro. In mun ga tsutsa a zangarniya, mu sanar da malamin gona tun da wuri.

Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.