Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

A layinmu nan Bulpiela akwai wata tsohuwa da ta yi shekaru tana dama mana koko. Yanzu ta kan fita da tsakar dare, wai za ta gidan ubanta, alhali ya daɗe da rasuwa. Ranar nan na ji wani yaro ya ce da ita mayya. Raina ya ɓaci, domin mun san inda wannan kalma take kai tsofaffi a ƙasar nan: Gambaga, Kukuo, Gnani. A 2020 ma kashe wata mai shekara 90 aka yi a Kafaba, da rana tsaka.

To, me ke damun irin tsohuwar layinmu? Tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta mutu da wannan ruɗewa, ya ga abu biyu. Na farko wani dasƙararren sinadari ne, amiloyid, da ke taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, wanda ake kira tau, yana cikin ƙwayar kanta. Aikinsa riƙe 'yan hanyoyin da abinci ke bi a ciki, amma sai ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, hanya ta toshe, ƙwayar ta mutu. Ɓarnar kan fara ne daga inda ake ajiye sabon labari. Shi ya sa Iya ta manta ta ci tuwo ɗazu, amma tana tuna ranar aurenta tsaf.

Yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi. Amma da aka gwada tsofaffin Ibadan da baƙaƙen Amurka na Indiyanafolis, sai aka ga cutar ba ta kai yawa haka a Ibadan ba. Ke nan tilas a bincike mu mu ma. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe mai nazarin tau a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya buɗe cibiyar bincike a Damaturu a 2021.

Maganin warkewa dai babu tukuna. Sai dai wata mantuwar ƙarancin bitamin B12 ne ko ciwon maƙoƙo ke kawo ta, kuma tana jin magani. Na roƙi 'ya'yan tsohuwar su kai ta Asibitin Koyarwa na Tamale a duba. Yaron kuwa, na je har gida na sami ubansa.