Bayi mata ba kuka kaɗai suka yi ba, sun yi tawaye

A watan Nuwamban 1843, wata baiwa mai suna Carlota ta jagoranci tawaye a gonar rake ta Triunvirato da ke Matanzas a Kyuba. Tarzomar ta bazu zuwa gonakin makwabta kafin sojojin Sifaniya su murƙushe ta, Carlota kuma ta rasa ranta. Ana yi mata laƙabi da Lucumí, sunan da ake kiran bayin da aka kwaso daga ƙasar Yarabawa. A 1975 Kyuba ta raɗa wa aikin sojan da ta ƙaddamar a Angola sunanta. To a Najeriya fa, ɗalibai nawa ne suka taɓa jin labarinta?

Ba ita kaɗai ba ce. A Jamaika, Nanny ta shugabanci bayin da suka gudu cikin duwatsu, waɗanda suka hana sojojin Birtaniya sakat har sai da aka yi sulhu da su. Yau hotonta na kan takardar dala 500 ta ƙasar. A tsibirin Guadeloupe, Solitude ta shiga yaƙi da juna biyu a 1802, lokacin da Napoleon ya maido da bautar da Faransa ta soke a 1794. An jira ta haihu, washegari aka rataye ta.

Jinkirin nan ba tausayi ba ne, domin jaririn dukiyar ubangida ne. Tun 1662 dokar Virginia ta tanadi cewa ɗan baiwa bawa ne. Shi ya sa turjiyar mata ba ta tsaya a fagen fama ba: wasu sun sha saiwoyi don kada su haifa wa ubangida bayi, wasu sun yi ciwon ƙarya, wasu sun riƙa kai wa waɗanda suka gudu abinci da labari.

Wani zai ce wannan bai kai a kira shi tawaye ba. Amma gonar rake da gumin bayi da haihuwarsu take rayuwa, don haka duk wadda ta hana ɗaya ta taɓa aljihun mai gona.

Yawancin takardun wancan zamani iyayen gijin ne suka rubuta, kuma baiwa a wurinsu lamba ce a littafin lissafi. Muddin darasin tarihi a makarantun Afirka ya tsaya a kan sarƙa da jirgin ruwa, to labarin mai gona ake maimaitawa. Ya kamata a sa sunayen Carlota da Nanny da Solitude a manhaja.