Tsawa Ba Ta Koyar Da Hannu

Yau magana ce a kan 'ya'yanmu da ke karatun likitan haƙori da sauran aikin asibiti a Kano, Jos, Maiduguri da wasu wurare. Idan yaro ya dawo hutu ya ce malamai da manyan ma'aikata suna yi masa tsawa da gori a gaban marasa lafiya, abin da muka saba cewa shi ne, "Yi haƙuri, haka koyo yake." Ni a ganina wannan amsa ba ta isa ba.

Aikin haƙori aikin hannu ne. Ɗalibi kan yi shekara 6 a jami'a, ya fara gwaji a kan mutum-mutumi mai haƙoran roba, kafin a ba shi bakin ɗan Adam. Injin da yake ƙwaƙule ruɓa da shi yana juyawa sau dubbai ɗari a minti ɗaya, kuma tsakanin ruɓar da jijiyar haƙori wani lokaci bai wuce kaurin farce ba. To, wanda aka gama ce wa daƙiƙi, yaya hannunsa zai tsaya?

Mu da ke koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci mun san wannan. Dattijon da aka kunyata a gaban 'yan aji, fensir ma rawa yake yi a hannunsa, harafin da ya iya jiya sai ya ɓace masa. Gobe kuma ba zai ƙara tambaya ba.

Masana ma sun gwada. A 2015 an yi gwaji a Isra'ila da rukuni 24 na likitoci da nas-nas masu kula da jarirai. Waɗanda aka yaɓa wa baƙar magana sun gaza sauran wajen gane cuta da wajen aikin hannu. A 2019 a Amurka an gwada likitoci masu koyon sa barci lokacin tiyata. Waɗanda suka yi aiki da likita mai ladabi, kusan kashi 91 cikin 100 sun yi yadda ake so, amma waɗanda aka haɗa da mai tsawa, kusan kashi 64 kawai. Dalili a fili yake: hankali ya rabu biyu, rabi yana kan aiki, rabi yana kan zagin.

Wani zai ce ai rai ake koya musu riƙewa, dole a tsananta. Gaskiya ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malami ya hana ɗalibi ci gaba, ya sa shi ya sake sau goma, wannan horo ne. Amma zagin iyaye, ko gorin cewa kai baƙo ne a nan, wulaƙanci ne. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin kowa, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Rigar ɗalibta ba ta cire wa yaro waɗannan haƙƙoƙi.

Saboda haka, iyaye, mu riƙa sauraro. A sa yaro ya rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa da waɗanda suka ji. Ya fara da shugaban sashensa ko ofishin kula da ɗalibai, a rubuce, cikin ladabi, ya ajiye kwafi. Idan ba a duba ba, akwai ofishin SERVICOM a asibitocin tarayya, akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a. Mai buƙatar a taya shi rubuta takarda ya zo ofishin ƙungiya.

Kada mu manta, ɗalibin da tsoro ya hana shi tambaya yau, shi ne gobe zai riƙe allura a bakin ɗayanmu a nan Keffi. Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya,
Tudun Ƙofa, Keffi