Tankin Da Aka Binne A Cikin Jirgi

Masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa a Ingila sun san wannan takaici: inji ya mutu daidai lokacin da igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Ruwa ne ya kwanta a gindin tankin mai, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa, girgizar teku ta tayar da dauɗar ta toshe filta. Dizal ɗin Turai, mai ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, ya fi jan danshi.

Gangancin kuwa na masu ƙera jirgin ne. Wasu sukan dasa tanki kafin su rufe saman jirgi, babu ko ƙofar leƙawa. Sai mai jirgin ya zuƙe mai, ya kwance bututu, ya yanka katako kafin ya ciro tankin ya wanke.